Yadda Ake Gwada Madara a Bakin Ƙofa Tun Kafin Masu Duba Su Iso

Duk macen da take son shiga sana'ar yogot ko kindirmon roba a nan Jos, tambayar da take fara yi mini ita ce yadda ake samun lambar NAFDAC. Zan amsa, amma sai can gaba. Lambar nan ana ba da ita ne bisa ɗakin da aka duba a rana ɗaya da samfurin da aka ɗauka a rana ɗaya. Ita kuwa madara kowace safiya da halin da take zuwa. Ta jiya lafiya lau. Ta yau saniya ɗaya mai ciwon hantsa ta ɓata ta. Ta gobe babur zai lalace a hanyar Miango, ta kwashe awa huɗu a rana kafin ta iso. A waɗannan safiyoyi babu ma'aikacin gwamnati a kusa, ke ce a bakin ƙofa, kuma abin da kika bari ya wuce ki shi ne zai shiga cikin 'ya'yan mutane. Saboda haka daga ƙofar zan fara.

Kayan da nake aiki da su ba su cika tebur ba: ma'aunin zafi mai dogon tsinken ƙarfe, ma'aunin kaurin madara da ake kira laktomita tare da dogon kofinsa, sirinji biyu marasa allura, 'yan ƙananan kwalabe garai-garai, cokalin ƙarfe, kwalbar itanol (sinadarin barasa na ɗakin gwaji), kwalbar aidin, farin ƙyallen tacewa, sai littafi mai kauri da biro. Shagunan da ke sayar wa asibitoci da makarantu kayan gwaje-gwaje suna da kusan dukkansu.

Ƙa'idar da ba na sassautawa ita ce kowace mai kawo madara a gwada tata ita kaɗai kafin a juye a babbar tukunya. Lita biyu da suka lalace sun isa su ja lita hamsin su bi su, kuma bayan an haɗa ba za ki taɓa gane daga wane gida matsalar ta fito ba.

Hanci da ido

Ki buɗe murfin da hannunki, ki shinshina nan take, domin wari yana taruwa ne a ƙarƙashin murfi kuma da ya sha iska ya gudu. Kina neman tsami, ko warin kalanzir da fetur idan a jarka aka zubo ta, ko warin magani. Sai ki duba saman madarar da cikin murfin: gashi, ƙuda, ƙasa, ɓurɓushin kashin shanu. Launi ja-ja alamar jini ce. Rawaya mai kauri kuwa dakashi ne, wato nonon kwanakin farko bayan haihuwa. Kada ki ɗanɗana ɗanyar madara ko kaɗan. Na san da yawa suna yi, amma cututtukan da zan ambata a ƙasa ta harshe suke shiga. Kafin ki ɗebi abin gwaji, ki juya madarar sosai, saboda maiƙo yana tasowa sama a hanya.

Gwajin itanol

Wannan shi ne gwajin da ya fi yi mini aiki, kuma ba ya cin minti ɗaya. Ana so itanol ɗin ya zama mai ƙarfin kashi 68 cikin ɗari. Idan wanda kika samu mai kashi 96 ne, ki auna mililita 68 nasa ki haɗa da mililita 28 na tataccen ruwa irin na ɗakin gwaji, ki rufe kwalbar gam domin yana bin iska. Ki ja mililita 2 na madara da sirinji ɗaya ki zuba a ƙaramar kwalba, ki ja mililita 2 na itanol da ɗaya sirinjin ki zuba a kai, ki girgiza a hankali, sannan ki karkata kwalbar ki kalli jikinta a haske. Madara mai kyau za ta gangara sumul. Wadda ta fara juyawa za ta bar ɗigo-ɗigon gudaji manne a jikin kwalbar, wani lokaci ƙanana ƙwarai sai kin matso da ido.

Gudajin nan yana nufin ɗaya daga cikin abubuwa kaɗan: tsami ya fara shiga, ko an haɗa da dakashi, ko da nonon saniya mai ciwon hantsa, ko na wadda ta kusa ƙafewa. Ko wanne ne, ba lallai madarar ta jure wuta ba, tana iya tsinke miki a tukunya. Ga mai tunanin halascin amfani da itanol, abin da aka gwada zubar da shi ake yi, ko ɗigonsa ba ya komawa cikin madara.

Ranar da itanol ya ƙare, ki ɗebi madara a cokalin ƙarfe ki ɗora a kan wuta ta tafasa. In ta dunƙule, ta lalace. Sai dai wannan ba ya kama madara sai tsaminta ya yi nisa, don haka kada ya zama abin dogaronki na kullum.

Ga yadda nake yi idan madarar wata ta faɗi. Wata dattijuwa da take kawo mini daga wajen Zawan ta zo da tata, na gwada, gudaji ya fito. Ban ce komai ba sai da na gwada ta wadda ke bayanta, na riƙe kwalaben biyu a hannu ɗaya.

"Goggo, matso ki gani da idonki."

Ta duba ta ce, "Hajiya, wallahi tatsar safiyar nan ce, ban haɗa da ta jiya ba."

"Na yarda, Goggo. Akwai wadda ta haihu kwanan nan?"

Ta yi shiru kaɗan. "Akwai. Shekaranjiya."

"To dakashinta ne ya shiga. A bar wa maraƙi nononta sai mako ya zagayo. Na sauran ki kawo mini gobe, ina jira."

Ba na ɗaga murya, ba na cewa an cuce ni, kuma ba na sayen madarar da ta faɗi ko da rabin kuɗi. Da zarar kin saya sau ɗaya, kin koya wa kowa cewa lalatacciya ma tana da farashi. Abin da ya fi faɗar da madara a wurina shi ne haɗa tatsar yamma da ta safe. Wadda ta kwana ba sanyi ta riga ta cika da ƙwayoyin cuta, ana zuba mata sabuwa mai ɗumi sai su samu abin da suke so. Shi ya sa nake roƙon kowa ta zo da su a mazubi daban-daban.

Laktomita da maganar ruwa

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A maganar ruwa cikin madara dai ido yana kuskure, musamman madarar farfarun shanunmu da take da maiƙo sosai, tana ɗaukar ruwa ba ta nuna ba. Ki cika dogon kofin, ki saki laktomita a hankali ya yi iyo ba tare da ya taɓa gefe ba, ki jira ya tsaya, ki karanta lambar da ke daidai saman madarar. Madarar saniya da ba a taɓa ba tana zama tsakanin 26 da 32. Ƙasa da 26 akwai zargin ruwa.

Amma a nan ake zaluntar mutane ba da sani ba, domin zafin madara yana canza lissafin. Yawancin laktomita an daidaita su ne a kan digiri 20 na ma'aunin Salshiyas, kuma a rubuce yake a jikinsu, ki duba naki. Duk digiri ɗaya da madarar ta haura 20, ki ƙara 0.2 a kan abin da kika karanta. Duk digiri ɗaya da ta gaza, ki rage 0.2. Misali, madara ta iso a watan Maris da ɗuminta na digiri 30, laktomita ya nuna 25. In kika tsaya a nan za ki ce an zuba ruwa. Amma digiri 10 sau 0.2 ya ba da 2, ainihin lambar 27 ce, madarar ta haye. A hunturun Jos kuwa abin juyawa yake: madara ta iso da sanyi ƙarara, ta nuna lamba mai kyau, alhali in kin rage za ki ga ta faɗi. Abin da ya fi shi ne ki tsoma kofin a ruwa har zafin ya kusanci 20 kafin ki karanta.

Akwai abin da laktomita ba ya kamawa. Madarar da aka yaɗe wa maiƙo lambarta hawa take yi sama da 32, in aka zuba ruwa sai ta sauko ta zauna daidai. Cire mai ba laifi ba ne a kasuwar nono, domin man shanu yana daga cikin abin da matan ruga suke samu. Ke ce za ki faɗa tun farko cewa cikakkiyar madara kike saye, ki kuma biya farashin da ya rufe kuɗin man. Auna yawan maiƙo sai ɗakin gwaji, kuma yana da kyau lokaci-lokaci ki kai samfuri a auna.

Aidin kuma na kama sitaci ne. Ki tafasa 'yar madara, ki bari ta huce, ki ɗiga aidin biyu ko uku. In ta koma shuɗi mai duhu, an sa gari ko sitaci don a ɓoye ruwa.

Abin da ba a gani a bakin ƙofa

Duk gwajin nan na sama ba ya nuna abubuwa huɗu, kuma su ne suka fi tayar mini da hankali.

Na farko maganin dabbobi. Allurar oksitetrasaikilin da ire-irenta ana sayensu a kasuwa, makiyayi ya yi wa saniyarsa da kansa, washegari a tatse ta. Maganin yana fitowa a nono, tafasawa ba ta gama da shi, kuma shan sa kaɗan-kaɗan yana daga cikin abin da ke sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani a jikin mutane. Hukumar Codex mai tsara ƙa'idojin abinci a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda Najeriya take cikinta, ta sa iyakar wannan rukunin magani a maikrogiram 100 cikin lita ɗaya. A jikin kwalbar magani akan rubuta kwanakin da za a daina shan nonon. Ke mai yogot za ki gane shi ta hanya mai tsada: zubi guda ya ƙi kamawa. Idan ina zargin wani gida, nakan tafasa madararsu a ƙaramin kofi, in sa iri, wato ɗan yogot ɗin da ake zubawa don madara ta kama, in ajiye a ɗumi tare da kofunan wasu gidaje. In na kowa ya kama nasu ya tsaya ruwa, na samu amsa. Amma yarjejeniya ta fi gwaji aiki. Na gaya wa duk masu kawo mini cewa in an yi wa saniya allura a ɗaura mata jan ƙyalle a ƙaho, a tatse ta a ƙarshe a mazubi daban, kuma faɗa mini ba zai sa in soke cinikin gidan ba. Wadda take tsoron rasa kasuwa ba za ta faɗi gaskiya ba.

Na biyu da na uku su ne bakkale da tarin fukan shanu. Bakkale yana sa shanu ɓari da kumburin gwiwa. A jikin mutum zazzaɓi ne mai tafiya yana dawowa, da gumin dare da ciwon gaɓoɓi, a yi ta shan maganin maleriya da taifot ba sauƙi. Duka biyun suna bin ɗanyar madara. Mutane da yawa sun ɗauka in nono ya yi tsami ya kashe komai, kuma ba abin dogaro ba ne. Wuta ce take kashe su. In kin ji ana yawan ɓari a garken da kike saye, ki matsa a kira likitan dabbobi. Mu a Filato ba mu da uzuri a nan: Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa tana Vom tun 1924, tana yin alluran rigakafin dabbobi, tana da ɗakunan gwaje-gwaje, ga kwalejojin tarayya biyu a gefenta da suke yaye masu kula da lafiyar dabbobi da masu aikin gwaji, ga kuma likitocin dabbobi na gwamnatin jiha.

Na huɗu gubar fumfuna da ake kira afalatoksin. Saniya ta ci dusa ko masara ko ƙulin gyaɗa da ya yi fumfuna, gubar ta bi jini ta fito a nono. Ita ma wuta ba ta kashe ta, kuma tana taɓa hanta. Daminar Jos doguwa ce, tun Afrilu har Oktoba, ɗakin ajiya yana jiƙa. Maganinta kawai a daina ba shanu abincin da ya yi kore-kore ko yake warin danshi.

Ki je rugar da kanki

Ki tafi da asuba ki ga tatsa. Shanunmu ba sa sakin nono sai maraƙi ya fara tsotsa, don haka bayan an janye shi kan nonon yana jiƙe da yawu. A goge da tsabtataccen ƙyalle da ruwan ɗumi, a busar. Mai tatsa ta wanke hannu da sabulu, kada ta tsoma yatsu a madara don santsi. Feshin farko biyu ko uku na kowane kan nono a tatse shi a baƙin faranti a duba: in akwai zare-zare ko gudaji ko ruwa-ruwa, ciwon hantsa ne. Akwai wani farantin roba mai rami huɗu da ruwan gwajinsa da shagunan maganin dabbobi suke sayarwa. A tatsa kowane kan nono a raminsa, a zuba ruwan gwajin daidai yawan madarar, a juya. Mai ciwo zai yi kauri da yauƙi kamar miyar kuɓewa, tun kafin hantsar ta kumbura.

Ki tambayi inda suke ɗiban ruwan wanki. A kewayen Bukuru da Barikin Ladi akwai kududdufan da haƙar kuza ta bari, shanu suna sha, ana wanki a ciki. Irin wannan ruwa in dole ne a yi amfani da shi, a tafasa shi kafin ya taɓa mazubi. Mazubin kuma na alminiyam ko ƙarfe marar tsatsa mai faɗin baki, wanda hannu zai shiga har ƙasa. Jarka ba ta wankuwa a ciki, ƙwarya kuma jikinta yana shan madara. Ni nake sayen mazuban in raba, ana cire kuɗin kaɗan-kaɗan daga ciniki. Madara ta iso gare ki cikin awa biyu zuwa uku da tatsa.

Wuta, sanyi, wanki

Ki tace da farin ƙyallen da aka tafasa, ki ɗora nan da nan. Abin da ke kashe cuta a madarar sha shi ne digiri 63 na minti 30, ko digiri 72 na daƙiƙa 15 a injin manyan kamfanoni. Don yogot ana wuce nan: digiri 85 na minti 30, yana kashe cuta yana kuma sa yogot ya yi jiki. Lokacin yana farawa ne daga sa'ad da ma'auni ya kai lambar, ba daga ɗora tukunya ba. Ki sa tukunyar madara cikin wata babba mai ruwa don kada ta kama, kina juyawa. Ki sauke, ki huce ta da sauri cikin ruwan sanyi zuwa digiri 43 ko kusa, ki sa iri, ki rufe. Da sanyin Jos sai kin sa a kula ko kin lulluɓe da bargo kafin ta riƙe ɗumi awa huɗu zuwa shida. Da ta kama, sai firij a digiri 4. In wutar unguwarku ba ta tsayawa, ki yi lissafin janareta ko sola ko ƙanƙara tun kafin ki yanke yawan da za ki riƙa yi.

Wajen wanki, ruwan sanyi ake fara ɗauraya da shi. Ruwan zafi a farko yana dafa ragowar madara ya manna ta a jikin ƙarfe. Bayan nan ruwan zafi da sabulu da buroshi, a ɗauraye, a bi da tafasasshen ruwa ko ruwan kulorin, a kife a kan maratayi ya bushe da kansa. Kada a goge da tsumma.

In da madarar gari kike aiki, kamar yadda yawancin masu yogot na cikin gari suke yi, ki sayi buhu rufaffe mai sunan kamfani da lambar zubi da ranar lalacewa da lambar NAFDAC. Wadda ake aunawa a mudu daga buɗaɗɗen buhu ba ki san asalinta ba, ba ki kuma da wanda za ki kama. A 2008 a ƙasar Sin an zuba sinadarin melamin a madara don ta nuna ƙarfin gina jiki a gwaji, yara kusan 300,000 suka kamu da ciwo, shida suka rasu. Ki kuma duba ko an maye maiƙonta da man itatuwa, domin in haka ne dole takardar jikin robarki ta faɗa.

Yanzu maganar gwamnati

Hukumomin suna da yawa, kowace da inda hannunta ya kai. NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke da alhakin duk abincin da aka sarrafa aka rufe a roba ko leda, tana da ƙa'idoji na musamman kan madara da kan abin da za a rubuta a jikin kaya. SON, tun 1971, ita ke tsara ma'aunin ingancin kaya na ƙasa. Duba-gari na ƙaramar hukuma su ke duba tsabtar wuri da masu taɓa abinci. Lafiyar shanu kuma ta likitocin dabbobi ce.

Hanyar samun lamba ita ce ki yi rajistar sana'arki a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ki yi rajistar sunan kayanki, ki buɗe asusu a shafin NAFDAC na intanet mai suna NAPAMS, ki cike, ki biya ta hanyar da shafin ya nuna, ki riƙe rasit. Akwai matakin ƙananan masu sana'a da kuɗinsa bai kai na manyan kamfanoni ba. Ki taka da ƙafarki zuwa ofishinsu na Jos ki karɓi jerin abin da ake bukata a lokacin, domin yana canzawa. Duk wanda ya ce ki ba shi kuɗi ya kawo miki lamba ba tare da an zo an duba ɗakinki ba, lambar wani zai kawo miki ko ta ƙarya, kuma sunanki ne a jikin robar. Rajistar gaskiya shekara 5 take yi a sabunta.

Za su zo duba wuri. Suna son ɗakin da ba a kwana a ciki, ba a girkin gida, ƙasa da bango masu wankuwa, raga a tagogi, wurin sauya kaya da wanke hannu kafin a shiga, banɗakin da ƙofarsa ba ta buɗewa cikin ɗakin aiki. Kaya su shiga ta gefe ɗaya su fita ta ɗaya gefen, ɗanyar madara kada ta ratsa inda ake cika robobi. Za su nemi takardar asibiti ta lafiyar duk mai taɓa abincin, da shaidar feshin ƙwari, su tambayi ruwan da kike amfani da shi da yadda kike tace shi. Sai su ɗauki samfuri zuwa ɗakin gwajinsu, inda ake ƙirga ƙwayoyin cuta, a nemi irin waɗanda ke fitowa daga bayan gida, a duba fumfuna, a kuma gwada ko abin da kika rubuta shi ne a ciki. Takardar jikin roba ta ɗauki sunan kaya, abubuwan da aka haɗa, yawansa, sunanki da adireshin wurin aiki, lambar zubi, ranar yi da ranar lalacewa, da yadda za a ajiye.

Abin da na lura mai dubawa ya fi daɗewa a kansa shi ne littafi. Tayil kowa yana iya gogewa a daren jajibiri. Wata jami'a da ta zo wurina ta leƙa ƙarƙashin tebur, ta shafa cikin murfin tukunya da yatsa, ta buɗe firij ta duba ma'auni, sannan ta ja kujera ta zauna da littafin. Ta zaro roba ɗaya daga firij, ta karanta lambar zubi, ta ce, "Hajiya, nuna mini madarar da aka yi wannan da ita." Na buɗe shafin ranar: sunan kowace mai kawowa, lita nawa, ƙarfe nawa ta iso, sakamakon itanol, lambar laktomita da zafin da aka karanta ta, wadda aka mayar da dalili, lokacin da tukunya ta kai 85 da lokacin da aka sauke, wanda ya yi aikin. Ta bi layin da yatsa har ƙarshe, ta juya baya ta duba wasu ranakun ko rubutun iri ɗaya ne da biro ɗaya. Littafin da aka cike a zama ɗaya yana tona kansa. Ki rubuta a lokacin da abin yake faruwa, har da ranar da abu ya ɓaci.

Inda nake ganin aikin gwamnati bai kai ba shi ne ƙwarya. Duk wannan tsari yana kama mai roba ne. Nonon da yawancin mutanen Jos suke sha da fura, a Terminus da Farin Gada da bakin masallatai da tashoshin mota, daga ruga yake zuwa kai-tsaye, ba wanda ya auna shi, ba wanda ya tambayi ko an dafa. Ba ina kira a kori matan nan ko a zubar musu da kaya ba ne. Da wannan sana'a suke riƙe da gidaje, kuma waɗanda nake hulɗa da su da an nuna musu dalili suke gyarawa. A 2024 an ƙaddamar da manufar ƙasa kan madara, aka kuma kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta tarayya. Abin da nake fatan gani daga gare su a Filato shi ne wuraren tara madara kusa da rugage, da na'urar sanyaya mai aiki da hasken rana da rijiyar burtsatse, da gwajin bakkale da tarin fuka a garke ba tare da makiyayi ya ji tsoron za a raba shi da dabbarsa hannu wofi ba, da duba-gari masu ɗauke da laktomita da ma'aunin zafi suna koyarwa da Hausa da Fillanci. Ƙasar da Babban Bankinta ya ce a 2019 tana kashe tsakanin dala biliyan 1.2 da 1.5 a shekara wajen shigo da madara tana iya ɗaukar nauyin wannan. Kafin nan, in kina sayen nonon ƙwarya don gida, ki tambaya ko an tafasa madarar kafin a kwantar, ki kuma riƙe mai sayarwa ɗaya da kika san inda take fitowa.

Saura abu ɗaya da kowace mai roba za ta shirya masa tun bai zo ba. Daga kowane zubi ki ware roba biyu, ki rubuta musu lamba, su zauna a firij har ranar lalacewarsu ta wuce. Ki kuma rubuta shagunan da kowane zubi ya tafi. Ranar da wani ya kira ya ce yaronsa ya sha yana gudawa, ko mai shago ya ce robobi sun kumbura, ki fara da cewa a kai yaron asibiti, sannan ki nemi lambar da ke jikin robar. Ki dakatar da sayar da wannan zubi, ki bi shagunan ki kwaso abin da ya rage ki mayar musu da kuɗinsu, ki sa robobin da kika ware a kula da ƙanƙara ki kai ɗakin gwaji a ranar. In mutanen da abin ya taɓa sun wuce gida ɗaya, ki sanar da ofishin NAFDAC da sashen lafiya na ƙaramar hukuma da kanki, ki tafi da littafin.